Yadda ake gano tarin fuka da yadda ake shan maganinsa har a gama

Yawancin bakteriyar da ke kwantar da mutum a wajen ƙwayoyin halittar jiki suke zama, a mugunya ko a fitsari ko a maƙogwaro. Magani na samunsu a fili, kwana biyar ko bakwai an wuce wurin. Ƙwayar tarin fuka, Mycobacterium tuberculosis, wadda Robert Koch ya sanar da ganowa ranar 24 ga Maris 1882, cikin ƙwayar halittar take shiga ta zauna. Duk dokokin gwaji da na magani daga nan suka samo tushe.

Mai cutar zai yi tari a ɗaki rufe, ɗigon da ido ba ya gani ya tsaya a iska na sa'o'i. Wani ya shaƙa, ya gangara har ƙarshen huhu. A can akwai makrofej, ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye duk wani baƙon abu. Aikinsu su ƙunshe abin a wata ƴar jaka, su haɗe ta da wata jakar mai ɗauke da asid da sinadaran narkarwa. Ƙwayar tibi, wato tarin fuka, takan hana jakunkunan nan biyu haɗuwa, ga fatarta mai kauri da kitse. Sai ta yi zamanta tana hayayyafa a cikin wanda aka ɗora wa kashe ta, ɓarawo ya tare a ɗakin maigadi. Ba ta kuma gaggawa: sau ɗaya take rabuwa biyu cikin awa 15 zuwa 20, alhali wata bakteriyar hanji minti 20 ya ishe ta.

Da jiki ya ga ya kasa, sai ya kewaye wurin da wasu ƙwayoyin garkuwa, su yi ɗan ƙulli. Mutum na iya shekaru a haka, ba ciwo, ba ya kuma shafa wa kowa. Kusan 5 zuwa 10 cikin 100 ne cutar ke tasowa a jikinsu. Idan garkuwa ta yi sanyi, tsakiyar ƙullin ta ruɓe ta narke, ta fashe cikin hanyar iska, ta bar rami a huhu. Nan ne tari da kaki, wani lokacin har da jini. Abubuwan da ke kawo haka su ne ƙwayar cutar ƙanjamau, ciwon suga, ƙarancin abinci, sigari da giya. A Filato akwai ƙari: ƙurar dutsen da masu haƙar kuza a wajajen Bukuru da Barkin Ladi ke shaƙa tana lalata makrofej ɗin kansu. Sanyin Jos na Disamba da Janairu kuma yana sa a toshe taga da ƙofa, mutum shida a ɗaki ɗaya.

Ba da kaki

Tarin da ya kai mako biyu, zazzaɓin yamma, gumin dare, rama: a tafi cibiyar DOTS, wato inda ake gwajin tibi da ba da maganinsa. Akwai su a manyan asibitoci irin su JUTH, asibitin koyarwa na Jami'ar Jos, da ƙananan asibitocin unguwa, gwaji da magani kyauta ne, ana kuma iya kiran 3340 a tambayi mafi kusa. Mai ƙanjamau ba ya jiran mako biyu.

Kada a fara tsayawa a kemis. Amoksisilin ba ya taɓa tibi. Siprofloksasin da lebofloksasin sun fi haɗari, don suna ɗan danne ta, tarin ya lafa, gwaji ya makara, ƙwayar kuma ta koyi jure wa ajin maganin da ake tanada don tibi mai taurin kai.

Kakin safe ya fi. A kurkure baki da ruwa zalla. A fita waje ko gaban taga buɗe, nesa da mutane, ba a banɗaki ba. A ja numfashi mai zurfi, a riƙe daƙiƙa kaɗan, a saki, a yi haka sau uku, sannan a yi tari daga ƙirji a tofa cikin robar da aka bayar. Ana son kamar rabin ƙaramin cokali zuwa cikinsa, mai kauri. Kuskuren da ya fi yawa shi ne kawo yawu. Ƙwayar ba a baki take ba, sai sakamako ya ce babu alhali akwai. A rufe robar sosai, a kare ta daga rana, a kai ranar. Na'urar GeneXpert mai gwada kakin na gama aikinta cikin kusan awa biyu, ta kuma faɗi ko ƙwayar na jure wa rifamfisin. Ƙananan yara ba su iya fitar da kaki, sai a haɗa da hoton ƙirji, a wasu cibiyoyin da gwajin bayan gida. Duk wanda aka samu da tibi a gwada shi ƙanjamau.

Shan magani

Wata shida ne. Watanni biyun farko magani huɗu a ƙwaya ɗaya: rifamfisin miligiram 150, aisoniyazid 75, firazinamaid 400, etambutol 275. Watanni huɗun baya rifamfisin da aisoniyazid kawai. Yawan ƙwayoyin da nauyin mutum ake aunawa, saboda haka a hau sikeli duk zuwa karɓar magani. Wanda ya murmure ya ƙara kilo yana iya buƙatar ƙari. Tibin ƙashi da na sanƙarau wata 12 ne.

Me ya sa huɗu? Ƙwayoyin cutar ba a hali ɗaya suke ba. Masu hayayyafa a ramin huhu aisoniyazid ke karkashe su da sauri. Waɗanda suka lafe a wuri mai asid aikin firazinamaid ne. Masu barci suna farkawa jifa-jifa, rifamfisin ke jiransu. Etambutol na tsare sauran ukun kada ƙwayar ta jure musu. Shi ya sa wata na biyu ya fi kowanne haɗari: masu sa tari sun mutu, cin abinci ya dawo, mutum ya koma kasuwar Taminus ta Jos yana jin garau, amma na ɓoye suna nan. Wanda ya tsaya a nan cutar za ta dawo, wanda kuma ke sha yau ya tsallake gobe shi ke renon mai jure magani.

A sha sau ɗaya a rana, lokaci ɗaya, ciki babu komai, awa ɗaya kafin kari ko awa biyu bayan cin abinci, domin abinci na rage shigar rifamfisin cikin jini. A samu wani a gida ya riƙa gani ana haɗiyewa yana sa alama a kati. Mai azumi ya tsara lokaci da ma'aikacin lafiya, kada ya ajiye maganin. Mai tafiya ya faɗa tun da wuri a ba shi guzuri ko takardar sauya cibiya. Ana sake duba kaki a ƙarshen wata na 2, na 5 da na 6.

Fitsari da gumi da hawaye za su yi ja-ja; rifamfisin ne, ba jini ba, a ci gaba. Ƙuna ko ɗaurewar tafin ƙafa daga aisoniyazid ne, bitamin B6 ke maganinsa. Ciwon gaɓoɓi na firazinamaid ne, ana rage shi ba tare da an tsaya ba. Amma idan ido ya yi rawaya irin na shawara, ko amai ya ƙi tsayawa, ko ƙuraje suka feso har baki, ko gani ya dushe ja da kore suka rikice, a dakatar a je asibiti ranar. Uku daga cikin huɗun suna wahalar da hanta, don haka ba giya, ba jiƙe-jiƙen da ba a san haɗinsu ba. Rifamfisin yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu, mata su nemi a sauya musu hanya. Mai shan maganin ƙanjamau dolutegirabir ana ƙara masa zuwa sau biyu a rana, amma likita ne zai tsara.

Mutanen gida

Bayan kusan mako biyu ana shan maganin da ya dace, yaɗawa na raguwa sosai. Kafin nan a buɗe tagogi ko da ana hunturu, a rufe baki in za a yi tari, kada jariri ya kwana ɗaki ɗaya da mai cutar in da hali. Raba kwano da cokali ba ya ƙara komai, ta iska take tafiya. A kai duk mutanen gidan a duba su. Waɗanda ba su da alama, musamman yara ƴan ƙasa da shekara 5 da masu ƙanjamau, ana ba su maganin kariya don kashe ta tun tana cikin ƙulli. Akwai na sau ɗaya a mako har mako 12. Allurar BCG da ake yi wa jariri tana kare shi daga tibi mai tsanani na yarinta, ba ta hana babba tarin fuka.

Akwai kuma ƴar'uwar ƙwayar tibi ta shanu, Mycobacterium bovis, da ake ɗauka ta ɗanyar madara, wadda firazinamaid ba ya ci tun asali. A tafasa madara kafin a sha ko a kwantar da ita ta zama kindirmo. Mahauci ko makiyayi da ya zo da kumburin wuya ko doguwar rama ya faɗa wa likita sana'arsa.