Yadda talaka zai mallaki fili a ƙauye ba sai ya jira ya yi kuɗi ba

Ɗan uwa in kana jira sai miliyoyi sun taru a hannunka sannan ka sayi fili, to wallahi filin zai yi ta gudu kana binsa. Ni fulotina na farko da kuɗin raguna na saye shi, guda huɗu da na kiwata na sayar gab da Babbar Sallah, na haɗa da kwasar adashin da muke zubawa duk ranar kasuwa, maiɗakina ta cika min da kuɗin wakenta. Kuma kowa ya ga abin da ya sami naira tun 2023 da aka cire tallafin mai, dalar da ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati ta haura 1,500 a 2024, wanda ya ajiye kuɗi a asusu ya wayi gari sun zagwanye a hannunsa, shi kuwa mai fili nasa yana nan inda ya barshi, sai ma dillalai da suke masa sallama.

Farkon abu, ka koyi kallon inda gari ya dosa. Dutse kafin 1991 ƙaramin gari ne, da aka ƙirƙiri Jigawa aka kai hedikwata can, daga baya jami'ar tarayya ta zo a 2011, gonakin gero da yawa yau unguwanni ne. Haka Wudil da jami'arta, haka Kafin Hausa tun da aka kafa jami'ar jiha a can a 2013, haka ƙauyukan da ke kewaye da kasuwar Dawanau. Titi, kasuwa, makaranta, su ne suke jan mutane, mutane kuma su suke jan farashi. To kai da ƙarfinka bai kai ba kar ka nemi bakin kwalta, ya riga ya yi tsada kuma ranar da za a faɗaɗa titi da shi za a fara, ka koma layi na biyu ko na uku, ko ƙauyen da ke gaba kaɗan wanda ɗan acaɓa zai kai ka a minti goma.

Kar ka taɓa yanke ciniki da rani. Da rani kowane fili kyakkyawa ne. Ka bari sai Agusta ruwa ya zauna, ka je washegarin da aka sheƙa ruwa ka taka da ƙafarka, ka dubi katangun maƙwabta ko akwai shatin ruwa a jikinsu, ka tambayi dattawan wurin ko da can kududdufi ne aka cike. Mutanen Haɗeja da Ringim da Auyo ba sai an basu labarin ambaliyar 2022 ba. Sannan ka tabbata ba burtali bane, ba filin makaranta ko na maƙabarta ba, ba ƙarƙashin manyan wayoyin wuta ba, irin waɗannan ko kyauta aka baka rigima aka baka.

Yanzu ga inda mutane suka fi ƙonewa, maganar wa ke da filin. Yawancin gonakinmu na gado ne, kuma da yawa ba a raba ba, babban wa ne kawai yake noma kowa ya yi shiru saboda kunya. Ni ya taɓa faruwa da ni, na biya kuɗin wani yanki na gona a hannun babban ɗa, da shaidu da komai, bayan shekara biyu ƙanwarsu da ke aure a wani gari ta zo ta ce ba da saninta ba, kuma gaskiya ce da ita, haƙƙinta ne da Allah ya bata. Sai da muka yi ta zarya gaban dagaci wata da watanni kafin aka dawo min da kuɗina, kuɗin da a lokacin ba za su sayi rabin wurin ba. Har yau abin yana min ciwo. Don haka ka yi tambaya kai tsaye: an raba gadon nan? Su nawa ne magada? Ina matan? Ina wanda ya tafi Legas ko Fatakwal neman kuɗi? Kowa ya zo ya sa hannu ko ya dangwala, wanda yake nesa a kira shi a waya gaban shaidu ya wakilta wani. Ka kuma sani a fiƙihunmu na Malikiyya akwai shuf'a, wato in ana tarayya a fili ba a raba ba ɗaya ya sayar da kasonsa, abokin tarayyar yana da ikon biyan kuɗin ya karɓe, kaga kenan sayen kaso a gonar da ba a raba ba kasada ce.

Dillali ba maƙiyinka bane amma la'adarsa yake nema, ku yi maganarta tun farko, nawa ce kuma wa zai biya. Bayan ya nuna maka wuri ka koma kai kaɗai ba tare da shi ba, ka gaida mai unguwa, ka ce ranka ya daɗe ga abin da ke tafe da ni, ka nemi maƙwabtan gabas da yamma da kudu da arewa kowa ya nuna maka iyakarsa. Ranar awo ka tsaya da kanka a ja tef a gabanka, don ƙafa hamsin a baki ba ita ce hamsin a ƙasa ba. In awon igiya ne, wato wanda masu fili suka yanka da kansu ba gwamnati ba, ya fi araha amma ka duba an bar hanyar da mota za ta shiga, awon gwamnati ya fi tsada ya kuma fi kwanciyar hankali.

Takardar ciniki ta ƙunshi cikakken sunan mai sayarwa da mai saye, tsawo da faɗi, sunayen maƙwabta huɗu, kuɗin da aka biya, kwanan wata, shaidu daga ɓangarorin biyu, da hatimin mai unguwa da dagaci. Kuɗi ka tura ta banki zuwa asusun mai filin shi kansa, alat ɗin ma shaida ce. Kuma kar ka tsaya nan. Dokar amfani da filaye ta 1978 ta sa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna, filayen karkara kuma ƙaramar hukuma ce take bada takardar izinin mallaka ta gargajiya, to ka je sakatariya sashen filaye ka nemi taka. In wurin ya shiga yankin birni sai ka nufi KANGIS, hukumar rajistar filaye ta Kano, ko ma'aikatar ƙasa a Dutse don neman satifiket. Ranar da aikin gwamnati ya biyo ta kan filinka, kamar layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ya bi ta Kazaure, mai takarda shi yake da bakin magana a wajen diyya.

'Yan uwa mata, in da kuɗinki aka saya a rubuta sunanki, ko maigida ne ya je cinikin. Ni kason maiɗakina yana rubuce a takarda da sunanta, don ba wanda ya san gawar fari.

Ka saya, to kar ka barshi kango. Kafa turakun siminti a kusurwa huɗu, dasa zogale ko dogonyaro a kan iyaka, ka ba wani amintacce aro ya shuka gyaɗa ko wake amma a rubuce, kuma a sabunta duk shekara. Daga nan gini a hankali, bana bulo ɗari biyu, baɗi a ƙara, ka fara da abin da zai kawo kuɗi ba gidan kwana ba: kusa da kasuwar hatsi sito ake nema da kaka, kusa da makaranta ɗakunan ɗalibai, bakin hanya shago ɗaya ma ya isa ya riƙa saya maka siminti. Wajen Kura da Bunkure da Garun Malam kuwa inda ruwan dam ɗin Tiga yake ratsawa, gonar noman rani ko ba ka noma da kanka masu shinkafa da tumatir za su karɓi haya. In ku biyar ne masu amana ku haɗa kuɗi ku sayi gona guda a gefen gari ku yanka fulotai, ya fi sayen ɗai-ɗai sauƙi nesa ba kusa ba, sai dai kowa a rubuta kasonsa tun ranar farko.

Abu biyu ne ban yarda da su ba, cin bashi mai ruwa don sayen fili, da sayar da gonar da gida ke ci don sayen fuloti. Kuma fili ba ya sayuwa rana ɗaya, in rashin lafiya ta taso kana gaggawa dillalai za su taya maka a wulaƙance, shi yasa ko yaushe nake barin 'yan awaki biyu uku a gida saboda irin wannan rana.

Takardun kuma ka yi musu hoto a waya, ka yi fotokwafi ka ajiye ɗaya a gidan ɗan uwa, ta asalin ka sa a leda cikin akwatin ƙarfe saboda gara da ɗigar damina, sannan ka kai babban ɗanka wurin ka nuna masa turakun nan huɗu da idonsa.