Kafin ka tsaya gaban makirufo: yadda ake ɗora murya a fim da wasan rediyo

Ranar da na fara shiga sutudiyo don ɗora murya, wani ɗan ɗaki ne a bayan shago an manna soso a bango, an kashe fanka don kar ƙararta ta shiga, gumi sai zuba yake. Na karanta layi uku, injiniya ya maido min a sifika, wallahi sai da na ce masa Oga ka taɓa wani abu ne? Ya yi dariya ya ce ko maɓalli ɗaya bai taɓa ba, haka mutane suke ji na tun da aka haife ni. Wata 'yar siririyar murya mai fita ta hanci, ni da nake ganin kaina mai amon sanƙira.

Dalilin kuwa shi ne in kana magana ta hanya biyu kake jin kanka, ta iska da kuma ta ƙashin kanka, shi kuma ƙashi kauri yake ƙara wa sauti, sauran jama'a ta iska kawai suke ji. To aikin farko kenan, tun kafin ka nemi wani furodusa: ɗauki wayarka, kullum ka naɗi kanka na minti biyar kana karanta komai ma, jarida ko saƙon WhatsApp, ka saurara har kunyar ta fita. Sati biyu ya isa. Wanda bai saba da muryarsa ba a gaban makirufo kwaikwayon muryar wani yake yi, kuma nan take ake ganewa.

Sai ka san kayan aikin naka. A cikin maƙogwaro, daidai bayan wannan ƙullutun da ya fi fitowa a wuyan maza, akwai wasu 'yan tantani biyu da iskar huhu ke kaɗawa. Na namiji baligi suna buɗewa su rufe kamar sau 85 zuwa 180 a daƙiƙa ɗaya in yana magana, na mace kamar 165 zuwa 255, shi ya sa tata ta fi siranta. Wani malamin waƙa ɗan Sifaniya, Manuel García, shi ya yi suna da leƙa nasa a 1854 da ɗan madubin likitan haƙori da hasken rana. Amma abin da ya fi amfanar da ni shi ne bayanin wani masani ɗan Suwidin, Gunnar Fant, a 1960: ya ce murya kashi biyu ce, akwai tushe akwai matata. Tantanin nan ƙugi kawai suke bayarwa, maƙoshi da baki da harshe da leɓe da hanci su ne ke tace ƙugin ya zama muryar wane. Kamar gurmi ne, tsirkiya daban ƙoƙo daban.

Amfanin sanin wannan a aiki, in an ba ka rawar tsoho ko ta mugun uban daba, kar ka shaƙe maƙogwaro kana gurnani, nan ne yara suke kashe kansu, awa ɗaya murya ta dishe. Ka bar tsirkiya ta huta ka yi wasa da ƙoƙo. Turo leɓe gaba ka sassauta muƙamuƙi kamar za ka yi hamma, za ka ji murya ta yi girma da duhu. Ja leɓe baya kamar mai murmushi, ta koma ta saurayi. Tsoho kuma ba a rawar murya yake ba kamar yadda ake yi a wasan makaranta, a numfashi yake, yana yanke jimla biyu saboda iska ba ta kai shi, yana ɗan jinkiri kafin ya kamo sunan mutum. Je ka zauna a majalisar dattawa bayan la'asar ka rufe ido ka ji.

Numfashi kuwa, kwanta rigingine ka ɗora littafi a ciki, in ka shaƙa littafin ne zai tashi ba kafaɗa ba. Sai ka tashi tsaye ka nemi wannan yanayin. Kafin ɗauka ka yi ɗumi na minti goma: kaɗa leɓe irin na yara masu kwaikwayon babur, ƙugi da baki a rufe daga ƙasa zuwa sama, sannan wanda na fi so, ka sa tsinken shan lemo a baki ka riƙa fitar da murya ta cikinsa. Wani masanin murya a Amurka, Ingo Titze, shi ya yaɗa wannan, iskar da ke dawowa baya tana rage wa tantanin bugun juna. Za a yi maka dariya a sutudiyo, ƙyale su.

Tsakaninka da makirufo kamar santimita 15 zuwa 20, wato buɗaɗɗen hannu daga babban yatsa zuwa ƙarami. In ka matso sosai murya na ƙara kauri, masu rediyon dare sun san wannan sirrin, amma fa mu Hausawa muna da matsala da f ɗinmu da ake hurowa da leɓe biyu, iska ce ke dukan makirufo ta yi bum. In babu ragar da ake sawa a gaba, ka ɗan karkata kanka iskar ta wuce ta gefe. Wurin ihu ja da baya taku ɗaya, kar ka bari mitar da ke nuna ƙarfin sauti ta taɓa ja. In a gida kake yi da kwamfuta, manhajar naɗar sauti ta Audacity kyauta ce, ka ajiye a nau'in fayil na WAV kan 48 kHz tunda bidiyo za a ɗora wa, ka shiga tsakanin kayan sawa ko ka rataya bargo, ɗaki mai tayil amsa-kuwwa yake yi kuma da wuya ta gyaru daga baya.

Yanzu ga inda na fi son a tsaya, fassarar fim, musamman na Indiya da ake mayarwa Hausa. Mai kallo ba ya lura da harshe ko haƙori, leɓe yake kallo. Duk inda jarumi ya haɗe leɓensa, kai ma kana buƙatar b ko ɓ ko m ko f a wurin, in ka samu waɗannan sauran duk za a yafe maka. Saboda haka ka fara kallon fitowar ba sauti sau biyu, ka yi alama a takarda inda baki ya buɗe, inda ya rufe, inda ya ja numfashi. Mun yi sa'a kusan duk kalmominmu da wasali suke ƙarewa, in jimlarsa ta ƙare baki buɗe ba wahala. In ta ƙare baki rufe ga kam, ga sam, ga Malam.

In kuma maganarka ta ƙare bakinsa bai daina motsi ba, don Allah kar ka ja wasali don cike gurbi. Hausa ba ta yarda da wannan, tsawon wasali da hawa da saukar murya ma'ana suke ɗauke da ita. Kuka na hawaye daban kuka ta miya daban, wuyan riga daban wuyar aiki daban, a rubuce harafi ɗaya ne amma kunne ya san bambancin. Ni ma na taɓa faɗawa, ina bin waƙar muryar jarumin a hedifon har karin Hausata ya karkace, aka maido na ji kamar baƙon da ya koyi yaren a littafi. Maganin shi ne ka rage ƙarar muryar asali a kunnenka, ko ka zare kunne ɗaya, sannan ka cike gurbin da abin da Allah ya hore mana: dai, fa, ai, ma, kuwa, mana. "Zan zo" ta yi gajarta? "Ai kuwa dai zan zo." Kuma ka tuna Indiyanci aikatau a ƙarshe yake zuwa, mu namu a tsakiya, to sau da yawa inda fuskarsa ta yi zafi kai ka riga ka wuce kalmar mai zafin, sai ka juya jimlar, ka kai abin da ke ƙona rai daidai inda ya zare ido.

Akwai wani Bafaranshe, Michel Chion, da ya yi littafi a 1982 kan murya a sinima, ya ce muryar da ake ji ba a ga mai ita ba tana da wani kwarjini, kamar tana ko'ina kuma ta san komai, da zarar an nuna bakin da take fitowa sai ta zama ta mutum kamar kowa. Duk wanda ya tashi da wasan kwaikwayon rediyo ya san gaskiyar wannan, ka shekara kana tsoron mugu, ran da ka gan shi a kasuwa yana cinikin tumatir shi kenan. Abin da za ka ɗauka a nan, in rawarka ta mai ba da labari ce ko mai barazana ta waya, rage murya, kar ka yi ihu, rashin ganin naka ya riga ya yi maka rabin aiki. Shi kuma Roland Barthes, wani marubuci Bafaranshe, a 1972 cewa ya yi abin da ke kama mu a muryar mawaƙi shi ne jikin da ake ji a cikinta, ɗan kaushin nan na maƙoshi da harshe. Ina tare da shi ɗari bisa ɗari. Tun da Auto-Tune, manhajar gyara muryar mawaƙa, ta fito a 1997 ake ta goge muryoyi har ka kasa bambance wane da wane. Ka roƙi injiniya ya bar maka numfashinka, musamman wanda ke zuwa kafin kuka ko kafin a faɗi magana mai nauyi. Kuma ka motsa jiki kana ɗauka, in jarumi gudu yake ka yi tsalle goma kafin a danna, in murmushi yake ka yi na gaske, ana jin sa.

Batun zuma da citta da kanumfari, sha abinka suna da daɗi kuma suna lallashin maƙoshi, amma ka sani abin da ka haɗiya ta wata hanya yake bi, ba ya taɓa tantanin murya, in da ya taɓa da ka ƙware. Ruwa ne magani, kuma tun jiya ake shan na aikin yau. Lokacin hunturu ka rufe hanci da baki in za ka hau babur, turirin ruwan zafi ma na taimakawa. In murya ta dishe kar ka koma raɗa, raɗa ma wahalar da ita take, shiru ake yi. Yawan gyaran murya da kakari shi ma bugun tantanin ne, kurɓi ruwa a maimakonsa. In dishewa ta haura sati uku, musamman ga mai shan taba, a bar jiƙe-jiƙe a je wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro ya leƙa da na'ura.