Yadda na rage ɓawon da ke cinye mini ƙarfe a maƙera

Tun da na ajiye zuga-zugi na sayi injin hura iska a maƙerata da ke Tudun Wadan Zariya, wuƙaƙen da nake ƙerawa da sifirin mota suka fara fitowa da ramuka. Duk lokacin da na ɗora ƙarfen a kan uwar maƙera, baƙin ɓawo yake zuba, wanda ya rage kuma masaba ta tura shi cikin jikin wuƙar.

Ɗan ƙanena da ke karatun injiniya a Samaru ne ya ce mini, "Baba, iskar ce ta yi yawa." Ya bayyana cewa iskar oksijin tana haɗuwa da ƙarfe mai zafi ta zama ɓawo, kuma idan zafin ya haura digiri 570 a ma'aunin Celsius, ɓawon yakan zama hawa uku, na cikin ya fi kauri, yana kuma ƙaruwa da sauri. Abin da ya fi damuna shi ne iskar tana ƙone sinadarin kabon na saman ƙarfen, shi ya sa kaifin ba ya daɗewa.

Na rage ƙofar iskar, na tara gawayin ƙirya da zurfi, na riƙa binne ƙarfen a tsakiyar garwashi nesa da bakin bututu, ina cire shi da zarar ya kai zafin ƙira. Kafin kowane duka ina kankare shi da buroshin waya. Wuƙaƙen wannan makon sun fito sumul.