Yadda za a zaɓi kalmar sirrin da babbar kwamfuta za ta karɓa

Duk Bahaushen da ke aiki a sashen kwamfuta na banki ko wata babbar ma'aikata a Riyad ko Jidda ya san cewa babbar kwamfutar IBM, wadda ake kira mainframe, tana da tsattsauran ra'ayi kan kalmar sirri. A z/OS, wato tsarin da ke tafiyar da babbar kwamfutar, inda aka ɗora manhajar tsaro ta RACF, ƙa'idar asali ita ce kada kalmar ta wuce gurbi 8, kuma a haɗa ta da haruffan boko daga A zuwa Z, da lambobi daga 0 zuwa 9, da alamomi uku kacal, wato @ da # da $. Haruffan Larabci ba sa shiga, haka ma namu masu lanƙwasa irin su ƙ da ɗ da ɓ.

Kafin ka sauya kalmarka, ka tambayi jami'in tsaron tsarin ko ya kunna MIXEDCASE, wato zaɓin da ke bambanta manyan haruffa da ƙanana, domin idan bai kunna ba, duk ƙaramin harafin da ka buga za a mayar da shi babba. Ka kuma tambaye shi game da SPECIALCHARS, wanda IBM ta ƙaro a 2014, kuma yake ba da damar ƙarin alamomi 14, ciki har da ! da % da ? da =.

Sai dai ko an ba ka dama, shawarata ita ce ka yi hattara da alamomin, saboda babbar kwamfuta tana ajiye rubutu ne da tsarin EBCDIC, wanda yake da jadawalai daban-daban da ke ba kowane harafi da alama gurbinsu: 037 na Amurka, 285 na Ingila, 420 na Larabci. Gurbin da $ yake a jadawalin Amurka, alamar fam ce ke zaune cikinsa a na Ingila, don haka kalmar da ta shiga lafiya daga kwamfutar ofishinka tana iya ƙin shiga daga ta abokin aikinka da aka saita da wani jadawali. Haruffa da lambobi ba su da wannan matsalar.

Idan ma'aikatarku ta amince da jimlar sirri, wadda ke kaiwa gurbi 100, ita ta fi tsaro, muddin ta ƙunshi aƙalla haruffa biyu da wasu biyun da ba haruffa ba, kuma babu sunanka na shiga a cikinta.

Tun da allon shiga ba ya nuna abin da kake bugawa, ka duba ƙasan allo ka tabbatar madannanka ba sa kan Larabci, domin kuskure a jere yakan sa RACF ta rufe asusun, sai jami'in tsaro ya buɗe maka.