Darasi na Tara: Kashe Gargaɗin Ruby Lokacin Gwaji

A yaren kwamfuta na Ruby, wanda Yukihiro Matsumoto na ƙasar Japan ya fitar a 1995, duk sunan da ya fara da babban baƙi kafaffe ne. Sau ɗaya ake ba shi ƙima, ba a so a sake taɓa ta. Misali `JIRA = 30`, wato manhaja ta jira daƙiƙa 30 kafin ta haƙura.

Sai dai Ruby ba ta hana canji. In kun rubuta `JIRA = 1` daga baya za ta karɓa, amma ta yi ƙorafi a allo cewa an riga an kafa sunan, har ta nuna layin da aka fara kafa shi. Gargaɗi ne kawai, aiki ba ya tsayawa.

A wurin gwaji kuwa dole kan sa a canza. Wa zai zauna jiran daƙiƙa 30 har sau ɗari? To amma in ƙorafin ya cika allo, gargaɗin da ke da muhimmanci sai ya ɓace a cikinsa.

Makunnin gargaɗin yana cikin `$VERBOSE`. Matsayi uku gare shi: `true`, `false` da `nil`. A nan masu koyo kan ruɗe, domin `false` ba ya kashe gargaɗi, shi ne ma matsayin yau da kullum. `nil` ne ke sa Ruby ta yi shiru.

```
begin
  tsoho = $VERBOSE
  $VERBOSE = nil
  Object.const_set(:JIRA, 1)
ensure
  $VERBOSE = tsoho
end
```

Ku lura da `ensure`. Ko da aiki ya lalace a tsakiya, makunnin zai koma inda yake. Masu aiki da Rails, tsarin gina manhajojin intanet da Ruby, suna da `silence_warnings`, wannan aikin yake yi. Akwai kuma `-W0`, da ake haɗawa da umarnin `ruby` wajen kunna manhaja, da ke kashe gargaɗi tun daga farko har ƙarshe, amma ni ban ba ku shawararsa ba.

Saura matsala ɗaya. Ruby ta yi shiru, amma `JIRA` na nan a 1, gwajin da ke biye zai gaje shi a haka. Shi ya sa `stub_const` na RSpec, kayan aikin gwajin manhajojin Ruby, ya fi: yana canza ƙimar ba ƙorafi, gwaji na ƙarewa ya mayar da 30.

Aikin yi: ku kafa `JIRA` sau biyu ku karanta abin da Ruby ta ce. Sannan ku sa `$VERBOSE = false` ku sake. Gargaɗin ya tafi?