Kurakuran da aka fi yi wajen kama asusun bankin wanda ake bi bashi

Banki ba ya taɓa kuɗin mai ajiya don kawai wani ya zo da takardar yarjejeniya yana rantsuwa cewa yana bin mutumin bashi. Ko da takardar na ɗauke da sa hannu da shaidu, manaja zai tura ka kotu, kuma gaskiyarsa ce. Tsallake shari'a shi ne kuskure na farko. Sai ka shigar da ƙara, alƙali ya yanke hukunci ya faɗi adadin kuɗin da ake bi, sannan ka koma neman umarnin da zai tilasta wa banki ya biya ka daga ajiyar mutumin. Masu zuwa wurin 'yan sanda don gajarta hanya sukan jawo wa kansu sabuwar ƙara. Kotunan Najeriya sun sha faɗa cewa karɓo bashi ba aikin 'yan sanda ba ne, har sukan ci tarar wanda ya sa aka tsare abokin hulɗarsa.

Akwai umarnin da kotu kan bayar tun kafin hukunci idan ana tsoron mutum zai kwashe dukiyarsa, irin wanda kotunan Ingila suka fara bayarwa a 1975. Wannan yana hana kuɗin motsi ne kawai, ko sisi ba ya sa maka a aljihu.

Inda aka fi yin asara shi ne lokaci. A dokar Ingila da ƙasashen da suka gaje ta, umarnin kama asusu da ake nema bayan hukunci yana kama abin da ke cikin asusun ne a daidai lokacin da takardar ta isa banki. Abin da ya shigo washegari ba ya ciki. Idan an kai ta ranar da asusun ya bushe, ka biya lauya da kotu a banza, sai dai ka sake sabon nema. Don haka mai hankali yakan yi bincike tukuna: a wane banki mutumin yake hulɗa, yaushe kuɗi ke shigo masa, ranar albashi ce ko ranar da abokan cinikinsa ke biya? Cekin da ya taɓa ba ka, ko shaidar kuɗin da ya taɓa turo maka, sun isa su nuna bankinsa. Wasu lauyoyi sukan jera bankuna rututu a takarda ɗaya da fatan a dace. Yana aiki wani lokaci, amma tsada gare shi, kuma kowane banki zai turo nasa lauyan ya ce ba shi da wannan mutum.

Sai kuma baki. Mai bin bashi ya fusata, ya buga waya ya ce gobe zan sa a rufe maka asusu. To ai ka gaya wa kaza ranar yanka. Dalilin da ya sa doka ta yarda a nemi umarnin farko ba tare da sanin wanda ake bi ba ke nan, don kada ya kwashe kuɗin cikin dare.

Umarnin farko kuwa ba shi ne ƙarshe ba, kuma da yawa sukan yi murna su kwanta a nan. Na wucin gadi ne, yana daskarar da kuɗin har ranar da banki zai zo ya faɗi abin da ke hannunsa, sannan alƙali ya tabbatar da biya. Tsakanin matakan biyu akwai wa'adin da ba a wasa da shi. A Najeriya dole a kai wa banki da wanda ake bi takardar aƙalla kwana 14 kafin zaman kotu. A Faransa, da ƙasashe 17 na tsarin OHADA, wato dokokin kasuwanci na bai-ɗaya a wasu ƙasashen Afirka, ciki har da Nijar da Kamaru, dole a sanar da wanda ake bi cikin kwana 8 bayan kamun, in ba haka ba kamun ya rushe, shi kuma yana da wata guda ya ƙalubalanta. Lauyan ɗaya ɓangaren ba abin da yake fara dubawa sai wannan.

Suna ma yana kayar da mutane. Idan hukuncin a kan kamfani ne, ba za ka kama asusun mai kamfanin ba, haka idan a kan mutumin ne, asusun kamfaninsa ya fi ƙarfinka, domin doka na ɗaukarsu mutum biyu. Gyaran nan tun ranar ba da bashi ake yin sa, ta hanyar sa mai kamfanin ya tsaya wa bashin a rubuce da sunansa. Asusun haɗin gwiwa, kamar na miji da mata, a Ingila ba a kama shi sai idan hukuncin ya hau kan dukansu. Sannan idan bankin da kansa yana bin mutumin bashi, yawanci zai fara cire nasa.

Ba kowane kuɗi ake kamawa ba. A Amurka, tun 2011 banki na kare kuɗin tallafin gwamnatin tarayya na wata biyu da aka tura kai tsaye cikin asusu. Faransa na barin wa mutum wani adadi na ci da sha, Jamus kuma tun 2010 tana da asusun kariya, wanda ke hana a kama wani adadi na kuɗin cikinsa. Idan hukumar gwamnati kake bi a Najeriya, sashe na 84 na dokar zartar da hukunci ya ce a nemi amincewar Antoni Janar kafin a taɓa kuɗin da ke hannun jami'in gwamnati, kuma lauyoyi sun daɗe suna jayayya kan iyakar wannan sharaɗi.

Shi kuma wanda aka kama wa asusu, babban kuskurensa shi ne yin shiru ko zuwa yi wa ma'aikatan banki faɗa. Ba su da ta cewa. Ya je kotun kafin wa'adi ya cika da shaidar abin da ya riga ya biya, ko ya nuna kuɗin amanar wani ne, ko ya roƙi a ba shi damar biya kaɗan-kaɗan. Ɗaukaka ƙara kaɗai ba ta tsayar da kamun a yawancin wurare, sai ya nemi umarnin dakatarwa daban.