Yadda Likitan Tiyatar Ƙafa Zai Yi Amfani da Magani a Inda Ba a Yi wa Maganin Rajista Ba

Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, wato FDA, takan amince da magani ko kayan tiyata ne don wata larura takamaimiya, a wani sashe na jiki. Likitan da ke aikin ƙafa da idon sawu kuwa yakan tarar cewa da dama daga cikin kayan da yake buƙata a wani sashen aka gwada su. Doka ba ta hana shi amfani da su ba, kamfani ne aka hana ya tallata su don hakan, amma nauyin hukuncin a wuyan likitan yake.

Da farko ya duba ko akwai abin da aka riga aka amince da shi don aikin. Sinadarin da ke sa ƙashi ya tofo, wanda ake sayarwa da sunan Infuse, an amince da shi a 2002 don haɗe ƙasusuwan ƙasan gadon baya, sannan a 2004 don karayar ƙwauri mai buɗaɗɗen rauni, duk da haka likitoci sun riƙa sa shi wajen haɗe gaɓar idon sawu. Tun 2015 akwai Augment, wani sinadarin na haɗe ƙashi wanda aka yi wa rajista don idon sawu da ƙasusuwan wajen diddige, don haka mai zaɓen Infuse a yau sai ya kawo dalili.

Daga nan ya auna wurin da kansa, kuma a ganina nan ne aka fi yin sakaci. A 2008 FDA ta yi gargaɗi cewa sinadarin da ke cikin Infuse yana iya jawo kumburi mai iya toshe numfashi idan aka sa shi a ƙashin wuya. Idon sawu ba shi da tsoka mai kauri, fata ce siririya a kan ƙashi, kuma kumburi kaɗan yana iya buɗe ɗinki, musamman ga mai ciwon suga wanda jini ba ya isa ƙafarsa sosai. Haka zai auna kafin ya barbaɗa garin Vancomycin, maganin kashe ƙwayoyin cuta wanda shi ma ba don haka aka yi masa rajista ba, a cikin rauni.

Kafin ranar tiyata ya zauna da majinyaci ya gaya masa a fili cewa ba don wannan aikin aka yi wa maganin rajista ba, ya faɗi dalilinsa da haɗarin da sauran zaɓin da ke akwai, sannan a sa hannu. Ya rubuta sunan abin da adadinsa a fayil, ya bi majinyacin da hoton ƙashi har gaɓar ta haɗe, kuma duk illar da ta bayyana ya kai rahotonta ta tsarin MedWatch na hukumar.